Zango, Bayan Gari Ko Ejura: Ina Ya Fi Dacewa Da Mai Ƙananan Yara?

Yawancin masu ƙaramin iyali a zangunan Kumasi ba sa ɗauko maganar tashi sai ranar da mai gidan haya ya aiko cewa adibas ya kusa cika. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Aboabo ko Asawase ko Sawaba ya san na shekara ɗaya ko biyu ake nema, a dunƙule, kuma da ƙari a kan na wancan karon. Ranar da aka kawo amarya su biyu ne a ɗakin. Yau ga yaro ya isa shiga makaranta, ga na goye, wata ma har da ciki. Sai magidanci ya kwana yana juyi: kuɗin nan da zan damƙa wa wani, in na kai shi ƙauye ai fili zai saya mini har da ragowar na bulo.

Tunanin yana da tushe, ban raina shi ba. Sai dai wuraren da ake komawa iri uku ne, kuma rayuwarsu ta sha bamban. Akwai bayan gari, irin su Kenyase, Mamponteng, Abuakwa da wajen Ejisu, inda gonaki suka koma fuloti, mutum ya kwana can ya shigo gari nema. Akwai garin noma mai kasuwa da tsohon zango, kamar Ejura da ke kusan kilomita 100 arewa da Kumasi ta hanyar Mampong, ko Techiman da Atebubu a Bono ta Gabas. Sannan akwai ƙauye na sosai, gidaje kaɗan a bakin gona, hanyar ƙasa, rijiyar burtsatse guda. Lissafi yakan ɓaci ne idan mutum ya ɗauki arhar na ukun ya haɗa da samun da yake yi a Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, ya ɗauka zai same su a wuri ɗaya.

Saboda haka a fara da inda abinci ke fitowa, domin shi ke yanke yawancin maganar.

A zango neman kuɗi a bakin ƙofa yake. Mai gyaran mota yana da Suame Magazine, unguwar makanikai. Ɗan kasuwa yana da Kejetia da Alabar. Tela, mahauci, direban keke mai ƙafa uku da ake kira pragya, mai sayen ƙarafa, kowa yana tashi ya taka ko ya shiga mota ɗaya ya isa. Abin da maza suka fi mantawa shi ne sana'ar matar. Ka dubi mai koko a lungun Aboabo: tun kafin kiran sallar asuba ta hura wuta, ta dama, ta fito da bokitin ta ajiye a kan tebur a ƙofar gida, ƙanwar miji tana gefe tana toya ƙosai. Masu fitowa daga masallaci su saya, 'yan makaranta su saya, masu tafiya kasuwa su sa a ƙulla musu a leda. Kafin hantsi ta wanke bokiti, ta ware na gero da sukari, ta ware na adashi, abin da ya rage shi ne kuɗin cefane da na tara wa yara. Ba ta biya hayar shago ba, ba ta hau mota ba, kuma jaririnta yana bayanta. Wannan ciniki jama'ar da ke wucewa ne suka yi shi. Ka kai matar nan sabuwar unguwa inda gidaje ke nesa da juna kuma kowa ya fice tun duhu, bokitin zai kai azahar bai ƙare ba. Gidaje da yawa a zango da wannan ɗan kuɗin na kullum suke tsaye, ko da ba a faɗa.

A garin noma kuɗi yana nan, amma da lokacinsa yake zuwa. Ejura tana tsakanin kurmi da ƙasar ciyawa, ruwa sau biyu take samu: babbar damina daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Shi ya sa ake noma masara sau biyu a shekara, ga wake, ga doya, ga gyaɗa, kuma ranar Litinin manyan motoci ke cika kasuwar suna lodi zuwa Kumasi da Accra. Wanda ya ga kasuwar nan a lokacin kaka zai ce arziki a ƙasa yake zube. Abin da bai gani ba shi ne watannin da suka gabata, lokacin da kuɗi fita kawai yake yi: hayar gona, tarakta, iri, taki, maganin ciyawa, 'yan ƙwadago. Tun wajen 2017 da tsutsar masara ta bazu a ƙasar nan, feshi ya zama dole. A 2024 ruwa ya ɗauke a Yuli da Agusta a arewa da tsakiyar ƙasa, gonaki suka ƙone, har gwamnati ta hana fitar da hatsi waje. In kuma Allah ya ba da albarka, kowa ya girbe lokaci ɗaya, farashi ya faɗi. Mai rumbu da ƙarfin jira shi ke cin riba. Wanda bashi ke binsa yakan sayar tun a bakin gona. Marar jari yana iya karɓar gona a kan abunu, a raba amfani biyu da mai ƙasa, ko abusa, a raba uku, gwargwadon wanda ya sa kuɗin aiki. Hanya ce ta halal kuma mutane da yawa sun tashi da ita, amma ga wanda ya san noma. Ɗan zangon da ya girma a kan kwalta, bai taɓa riƙe fartanya ba, kada ya ɗauki iyalinsa ya je koyon noma da kuɗin abincinsu. In yana da sana'ar hannu, wannan wata magana ce. Makaniken tarakta da babur, mai walda, tela, malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, mai shagon MoMo na tura kuɗi ta waya, mai sayen hatsi yana ajiyewa, duk waɗannan suna da wurin zama a garin noma, kuma sau da yawa gasar ba ta kai ta Kumasi ba.

Ta fuskar wurin kwana kuwa, zango ya sha kaye, babu amfanin ɓoyewa. Gidan haya mai tsakar gida ɗaya, iyali goma ko fiye, famfo ɗaya, makewayi ɗaya ko babu sam sai na kuɗi a waje. Da safe layin bokitai a bakin banɗaki, uwa tana riƙe da yaro da soso tana kallon agogo. Ƙarshen wata a zauna rabon kuɗin wuta, ana ƙirga wa kowa ƙwai nawa, fanka nawa, wa ke da firji, wa ke guga a ɓoye, a tashi da ɓacin rai. Yaro ba shi da wurin gudu sai bakin kwata da hanyar babura. Waɗanda ke kusa da rafin Aboabo sun san abin da ruwan Yuni ke yi wa katifa da takardu, na kusa da masu ƙona tayoyi da wayoyi kuma sun san tarin da ba ya jin magani. Da kuɗin ɗaki ɗaya a nan, a Ejura za a iya samun ciki da falo da fili a baya na kaji da awaki da ɗan lambun kuɓewa da alayyafo. Wanda ya ga yaronsa na rarrafe a tsakar gida mai tsabta, ba wanda ke yi masa tsawa don ya taɓa kwanon wani, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan gari yana ba da wannan sararin, shi ya sa ya fi jan mutane. Amma a nan ne na fi ganin ana ruɗuwa, domin haya ce kawai ke sauka, sauran abubuwa hawa suke yi. Mota biyu zuwa aiki, biyu dawowa, kullum. Wanda ke bin hanyar Tafo da Pankrono, ko ta Sofoline zuwa Abuakwa, ya san yadda safiya da magariba suke a cunkoso. Tunda ba a dawowa gida da rana, abinci a waje ake saya. Ruwan famfo na madatsun Barekese da Owabi bai kai sababbin unguwanni da yawa ba, sai a haƙa rijiya ko a riƙa saya a gidan mai burtsatse. Makarantar gwamnati in ta yi nisa, sai ta kuɗi da motarta. Wani wurin ma sai maƙwabta sun haɗa kuɗi sun sayi turakun wuta. Mutum ya ɗauki takarda ya rubuta kuɗin motar wata guda, nasa da na matarsa da na yara, har da na zuwa suna da biki da ta'aziyya a zango, domin ba za a daina zuwa ba, sannan ya ɗora a kan sabuwar haya. In har yanzu akwai rara, to. Sau da yawa rarar ba ta kai yadda aka zata ba, kuma uba ya zama wanda yaransa ke gani ranar Lahadi kawai.

Wata dattijuwa a lungunmu, da ɗan ƙanwarta ya zo mata da albishir cewa ya sami gida mai arha can bayan Mamponteng, ba ta tambaye shi ɗakuna nawa ba. Cewa ta yi, "Ɗana, in ka fita da asuba ka dawo bayan isha, wa ka bar mata?" Ya ce, "Mma, ai akwai waya." Ta ce, "Waya za ta dafa mata ruwan jego?"

Wannan tambayar ita ce nake so kowane magidanci ya tsaya a kanta. A zango mace in ta haihu, ba ta rasa mai hura mata wutar wanka, mai dama kunu, mai ɗauke babban yaron ya kwana a ɗakinta. In zazzaɓi ya kayar da ita, wata za ta aiko da tuwo. In gishiri ya ƙare, ɗaki na gaba ne. In an sami saɓani da miji, akwai gwaggo ko liman da za su shiga tsakani tun abin bai girma ba. Gaskiya ne wannan kusancin yana zuwa da gulma da sa ido da gasar yayi a kowane biki, kuma akwai matan da babban burinsu shi ne su sami ƙofar da za su rufe su huta. Irin waɗannan, in an tambaye su, za su zaɓi bayan gari da farin ciki. To a tambaye su ɗin. Miji wuni yake yi cikin mutane duk inda aka koma. Matar ce za ta zauna da wurin daga safe zuwa dare. A wannan fuska garin da ke da tsohon zango ya fi sabuwar unguwar bayan gari nesa ba kusa ba. A Ejura ko Techiman akwai masallacin Juma'a, akwai sarkin zango da limamai, akwai mata masu adashi da taron suna, akwai maƙabartar Musulmi, kuma Hausa ce ake ji a kasuwa. Baƙuwa ba ta daɗewa tana baƙunta.

Lafiya kuma ba ta son dogon bayani, tana son a san nisa. Katin inshorar lafiya yana aiki ko'ina a ƙasar, ana sabunta shi ta waya da *929#, kuma tun 2008 awon ciki da haihuwa suna cikinsa kyauta. Ɗakin shan magani na CHPS da ke ƙauyuka yana yin awon yara da rigakafi da gwajin zazzaɓin sauro, kuma ma'aikatansa suna ƙoƙari. Amma ba ya tiyata, ba ya ƙarin jini. Ejura da Mampong suna da asibitin gwamnati. Abin da ya fi ƙarfinsu babban asibitin Komfo Anokye na Kumasi ake turowa, wato Gee, wanda ɗan Asawase ke isa cikin mintuna. Matar da aka taɓa yi wa aiki a haihuwa, ko gidan da ke da yaro mai sikila ko mai farfaɗiya, ban ga dalilin da zai sa su koma inda mota ba ta shiga in an yi ruwa ba. A ɗaya gefen kuma, yaron da hayaƙi da ƙurar gari ke tayar wa asma yana iya samun sauƙi da iskar waje. Kafin a yanke shawara a tambayi mutanen wurin: in naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, motar wa ake bugawa? Wanda ke duban kudu ko yammacin Kumasi, wajen Amansie da bakin kogin Offin, ya ƙara da tambayar ruwan sha, domin galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta ɓata rafuka da yawa ta bar ramuka a buɗe, kuma tana janye samari daga aji.

Makaranta fa? Tun Satumbar 2017 sakandare kyauta ce, kuma yaron Ejura in ya ci BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, da kyau ana iya tura shi makarantar kwana a ko'ina, har cikin Kumasi. Saboda haka abin dubawa shi ne tushe, shekaru goma sha ɗaya daga rainon yara zuwa ƙaramar sakandare. A gari ajujuwa cike suke maƙil amma malamai suna nan, kuma akwai zaɓi. A ƙauye na sosai matsalar ita ce malamin da aka turo ya ƙi zama. Kada a tsaya ga fentin gini. A tambaya malamai nawa ne ke kwana a garin. Mu kuma muna da ƙarin buƙata. Makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi, wanda aka kafa a 1987, suna haɗa boko da Arabiyya, kuma suna da yawa a zangunan Kumasi da garuruwa masu tsohon zango. Ga makarantar allo ta yamma da ta ƙarshen mako, wadda a Aboabo yaro da ƙafa yake zuwa. A sabuwar unguwa inda gidajen Musulmi uku ne ko huɗu, karatun Alƙur'ani yakan koma wuyan iyaye, kuma uban da ya dawo a gajiye bayan isha ba kasafai yake iya buɗe allo ba. Harshe ma haka. Yaro yaren abokan wasansa yake ɗauka. Jin Tuwi, yaren Asante, alheri ne, zai yi masa amfani duk rayuwarsa a ƙasar Asante, amma in ba a dage da Hausa a cikin gida ba, wata rana kaka za ta yi masa magana ya tsaya yana kallon bakinta.

Masu cewa za su gudu da yara saboda tarbiyya suna da hujja: tiramol, shagunan caca, zaman majalisar samari, wato bes, har tsakar dare. Sai dai waɗannan sun riga mu isa garuruwan noma, kuma waya tana aljihun kowane yaro. Zango kuma, duk da lalacewar da ake kuka da ita, har yanzu wuri ne da maƙwabci zai ga ɗanka a inda bai dace ba ya kamo hannunsa ya kawo maka.

Sai maganar fili, inda kuɗin mutane ya fi salwanta. Yawancin ƙasar Asante ta kujerun sarauta ce, kuma tsarin mulkin 1992 ya hana sayar da irinta sayarwa ta har abada. Abin da ake samu haya ce ta dogon lokaci, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa a filin gida, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba ya wuce 50. Takardar da sarkin gari ke bayarwa matakin farko ce kawai. Ana buƙatar taswirar fili daga safiyo mai lasisi, a bincika a Hukumar Filaye ko wani ya riga ya yi rajista, a bi ta ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia in filin yana ƙarƙashinsa, sannan a riƙa biyan kuɗin ƙasa na shekara. Takardar sarki yawanci tana da sharaɗin fara gini cikin wani wa'adi, in ba a yi ba ana iya karɓewa. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a fili, bai bar na tushe ba, yana iya dawowa ya tarar da ginin wani. A tambaya kuma ko akwai rigimar sarauta a garin, domin fili ɗaya yakan sami masu sayarwa biyu. Mai neman gona ya binciki yadda zaman manoma da makiyaya yake a wurin. Rikicin da aka sha fama da shi tsakaninsu a wajen garin Agogo sananne ne. Da ɗan gari akan ci gari: a fara gaida sarkin zango da liman, su suka san filin da ke da magana.

Ga yadda nake gani. Wanda abincinsa ke Kejetia ko Magazine, matarsa kuma tana sana'ar ƙofar gida, yaransu ba su kai shekara biyar ba, ya daure ya zauna kusa, ko da zai sake gida ne zuwa wanda ke da makewayi a ciki da mitarsa daban. In yana da rara ya sayi fili a inda 'yan'uwa suka riga suka fara taruwa har an kafa masallaci, ya riƙa gini a hankali, ya koma lokacin da unguwar ta cika kuma yaran sun yi ƙwari. Wanda sana'arsa ke iya binsa, ko aka yi masa canjin wurin aiki, ko yake da dangi masu gona, garin noma mai zango ya fi masa, kuma ina ganin yaransa za su fi sakewa a can fiye da lungun da ya baro. Ƙauye na sosai kuwa ban ba mai ƙananan yara shawararsa ba. Ya ajiye iyali a cikin garin, ya riƙa zuwa gona a babur, kamar yadda manoman Ejura da yawa ke yi.

Ko wanne aka zaɓa, a kama haya tukuna kafin a sayi ƙasa, kuma a je a ga wurin sau biyu, da matar: a Yuni lokacin da hanya ke caɓewa, da Fabrairu lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Mai niyyar noma ya riga iyalinsa zuwa, ya kama gona kafin ruwan farko, ya tanadi abincin gida da zai kai su girbin Agusta ba tare da ya taɓa kuɗin taki ba. Iyali su biyo shi a dogon hutu, da takardar canjin makaranta da katin awon kowane yaro a hannu, don yaran su fara sabon aji tare da kowa.